Hannu Na Shida

Toivola, 9 ga Janairu

Zuwa ga jikana Niilo,

Kafin gaisuwa, ungo wannan ka riƙe. Wani gida ne, ba shi da taga. In ka je ka tarar da gawa a bakin ƙofarsa, ka yi murna, ka koma gida ka sha kofi. In kuwa ka tarar da ƙofar fes, ba ko tsinke, to ka cire hularka. Wane gida ne? Kakanka Pappa ne ya ba ni wannan kacici-kacici a hunturun farko da na shigo gidan nan, ya kuma hana ni amsa har sai da ƙanƙara ta fara narkewa. Kai da kake jami'a, bari mu ga ko za ka riga ƙanƙara.

To, yanzu gaisuwa. Salamar Allah ta kasance tare da kai. Ina fata kana lafiya, kana kuma cin abinci na gaske, ba busasshiyar taliyar nan da kuke zuba wa ruwan zafi a kofi ba. Ni lafiyata ƙalau, ban da gwiwar hagu, ita kuwa tun babanka yana rarrafe take ƙorafi. Ƙanƙara ta kai rabin tagar kicin. Babanka yakan zo da safe ya buɗe mini hanya, ya sha kofi a tsaye, ya tafi. Tun rasuwar Pappa bai zauna a kujera a gidan nan ba, sai ka ce kujerun cizo suke yi.

Ranar da aka yi wa Pappa addu'a a coci, na gan ka ta tagar ɗakin cin abinci kana tafiya wajen motarka. Matan coci sun toya burodin nisu, sun dafa miyar kifi da madara irin wadda kake sha har kwano uku, amma ko cokali ba ka ɗaga ba. Ban kira ka ba. Na ce a bar yaro ya yi kukansa a mota, a nan maza suka fi iya shi.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ka san Pappa bai shiga ƙasa ba tukuna, ƙasa ta daskare, sai watan Mayu. Yana ɗakin ajiya na makabarta. Shi da Sylvia Maki aka ajiye, wadda suka yi shekaru ba sa ga maciji da juna a kan shinge. Yanzu sai su sasanta, tunda ba mai hanyar fita. In Mayu ya zo za a fito da shi a kai shi kabarinsa, kuma akwatin hannu shida gare shi. Akwai babanka, da kawunka Dale, da 'ya'yan Dale biyu, da maƙwabcinmu Carl. Hannu na shida naka ne. Babanka ya gaya mini ka ce a nemi wani. Ban ji wannan maganar ba, ka san kunnena yana zaɓen abin da yake ji.

Ya kuma ce ka ce a cire akwatinka na kicin a jefar. Wannan ma ban ji ba. Yana nan a kan kanta kusa da gwangwanin sukari, allonsa yana haske, lambarsa tana wajen saba'in. Ni karatuna bai wuce aji takwas ba, amma na riƙe bayanin da ka yi mini a watan Agusta, ranar da ka cika mini tebur da wayoyi, ka ƙona mini mayafin tebur da ƙarfen dalmarka. Ka ce akwai 'yar ƙwaƙwalwa a jikin amyar zuman Pappa, ba ta fi biskit girma ba, kai ka koya mata aikinta ta kwamfuta. Tana da waya mai kai kamar na ashana da ka zura cikin amyar, tana jin ɗumin ƙudan zuman, ta aiko da labari kicin ta iska. Ka ce muddin lambar tana sama, suna raye sun dunƙule wuri ɗaya suna ɗumama sarauniyarsu, ba sai an buɗe an kashe su da sanyi ba. To suna raye. Amya ɗaya tak ta rage wa Pappa, kuma daga jinin sarauniyarsa ta farko take. Ba zan kashe musu rediyo ba.

Ka gaida abokin ɗakinka mai dogon gashi. Ka sa safa biyu. Ka huta lafiya.

Ni ce kakarka,
Mummu Helmi


Toivola, 6 ga Fabrairu

Zuwa ga Niilo, sarkin kwance rediyo,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya sanyi a wajenku, yaya karatu? Ina tambayar karatu ne don ladabi, domin babanka ya riga ya gaya mini ka janye daga ajin da kuke gina na'urori, ka bar abokan aikinka biyu da rabin aiki. Saƙonka kuma ya iso ta wayarsa, ya karanta mini: "Ku gaya wa Mummu ina lafiya." Na gode. Na yi maka shafi huɗu, ka biya ni da layi ɗaya. Ko kaza in ka watsa mata hatsi takan yi 'yar magana fiye da haka.

Tunda ba za ka faɗa ba, ni zan faɗa. Kana ganin kai ka kashe Pappa. Kana cewa da ba ka buga waya ranar nan ka ce batirin na'urarka ya mutu, kana bukatar lambobin don aikin makaranta ba, da bai fita ba. Ba zan yi maka ƙarya ba, Niilo, ban taɓa yi maka ba sai a kan inda nake ɓoye alewa. Wayarka ce ta fitar da shi ran nan. Ina tsaye ina wanke kwanoni, na ji abin da ka ce. Amma kai ba ka ga abin da na gani ba, babanka kuma ba mai ba da labari ba ne, don haka zauna ka ji.

Ƙananan batura ka ce ya canza, irin na tocila, waɗanda ka bari a aljihun tebur. Ya fito da su, ya juya su a tafin hannu, ya ce, "Helmi, waɗannan na wasan yara ne. Sanyin nan zai shanye su kafin Kirsimeti, yaron ya sake rasa lambobinsa." Na ce masa ya yi abin da aka sa shi. Ya ce ai ya ga ka gwada na'urar da batirin mota da rani, ya ga inda ka maƙala baƙi da ja. Sai ya shiga rumfa ya kwance batirin tarakta, ya ɗora a kan katakon da muke jan itace da shi, ya ɗaura igiya a ƙugu. Na leƙa ta ƙofa na ce, "Arvo Koskela, kai doki ne?" Ya ce, "Doki ya fi ni hankali, shi sai an sa shi." Maganar ƙarshe da muka yi ke nan, ka ji irin ban kwanan da aka yi mini bayan zaman shekara hamsin da ɗoriya.

Ya ja abin nan har bayan gonar tuffa, ƙanƙara tana kai masa cinya. Ya haɗa, ya gama. Na san ya gama domin ina kallo allon kicin ya farka, lamba ta fito. Na ce a raina, ja'irin tsoho, ya yi nasara, yanzu ba za mu huta da fahariya ba. Na ɗora kofi. A hanyar dawowa ne zuciyarsa ta tsaya. Carl ne ya same shi zaune a jikin itacen tuffa na ƙarshe, hularsa a kansa.

Da Carl ya je duba amyar daga baya, ya tarar Pappa ya sa wa 'yar na'urarka safar ulu don kada ta ji sanyi. Safata ce, ja, wadda na saƙa wa kaina. Ɗayar tana nan a kwando ba ta da 'yar'uwa. Ɓarawo har ranar ƙarshe.

Ka kuma san wani abu. Mutumin nan da ya ƙi wayar hannu, ya ce injin wanke kwanoni lalaci ne, kullum da safe sai ya ja kujera gaban akwatinka da kofinsa, ya zauna kamar mai kallon wasan ƙwallo. In lamba ta hau ɗaya sai ya ce, "'Yan matan sun tashi." Duk wanda ya shigo, har fasto, sai ya nuna masa ya ce jikansa ne ya ƙera da hannunsa. Bai taɓa barin kowa ya huda masa amya ba, ko babanka. Kai ya miƙa wa abin hudawa.

Ban ce wannan zai sauke maka kayan ba. Na dai ce kayan ba naka ba ne kai kaɗai, shi ma ya ɗauki rabonsa da gangan, da taurin kansa, yana jin daɗi.

Lamba tana nan wajen saba'in. Mayu ma yana nan inda yake. Ba ka ba ni amsar kacici-kacicina ba.

Taka har kullum,
Mummu


Toivola, 3 ga Maris

Niilo jikana,

Ina gaishe ka, ina fata wasiƙar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Ka yi haƙuri da rubutuna, yau hannun ba ya jin magana.

Lambar tana sauka. Ta fara ne tun tsakiyar watan jiya. Na ɗauka idona ne, na goge tabarau. Daga saba'in ta koma sittin, ta zauna kwana biyu kamar za ta haƙura, ta sake gangarawa. Yau da safe tana wajen arba'in. Na taɓa akwatin, na bubbuga shi kamar yadda Pappa yake yi wa talabijin, na juya shi ya kalli taga. Bai canza ba.

Babanka ya tsaya ya dube shi, ya ce, "Mama, sun tafi. Kowace shekara mutane suna rasa amya, ba wani abu ba ne." Ya ce da zarar an sami rana mai sauƙi zai je ya buɗe, ya kwashe matattun, ya wanke katakon ya ba Carl, don kada ɓeraye su shiga. Na ce in ya taɓa murfin nan zan ba shi mamaki da muciya kamar yadda na yi masa yana ɗan shekara tara. Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ido ba. Ba mugunta yake yi ba. Babanka irin mutanen nan ne da in abu ya mutu suke so su share wurin da sauri don kada su gani.

Matsalar ita ce ban san gaskiya ba. In sun mutu, buɗewa ba ta da laifi. In suna raye aka buɗe cikin wannan sanyi, mu muka kashe su da hannunmu. Carl ya je ya kara kunne a jikin katakon, ya ce bai ji komai ba, amma Carl ko jirgin ƙasa ya bi ta falonsa sai matarsa ta gaya masa. Ƙofar amyar kuwa kullum sabuwar ƙanƙara ta rufe gabanta, ba abin da mutum zai gani.

Zan gaya maka abin da ban gaya wa fasto ba. Tun Disamba nake gaida lambar nan da safe. Nakan ce, "Kun tashi lafiya?" in ja kujerarsa in zauna. Shekara da shekaru ina masifa a kan ƙudan nan, sun harbe ni a wurin shanya, sun bi ni har sauna, ɗakin wankan tururi, sun cinye mini miji kowane rani. Yanzu ga ni ina roƙon su kada su tafi. Muddin akwai ɗumi a cikin katakon nan, ina jin kamar wani abu da hannunsa ya taɓa bai huce ba tukuna. Shi yana can cikin sanyi yana jiran Mayu, ban iya yi masa komai ba. Su kuwa ko zan iya.

Ka taɓa gaya mini duk lambar da ta zo kicin tana zuwa kwamfutarka ma, tana taruwa tun daga ranar farko. Na san ka rufe wurin ba ka son gani. Ina roƙon ka ka buɗe. Duk faɗin gundumar nan ba wanda ya san harshen abin nan sai kai da ka koya masa magana. Ba don makaranta ba, ba don Mayu ba, yau ban ma ambaci Mayu ba. Ka duba ka gaya mini in hana babanka ko in ƙyale shi.

In amsar ita ce sun mutu, ka faɗa mini kai tsaye. Na binne uwa da uba da ƙanne biyu, zan iya jin labarin ƙuda.

Allah ya tsare ka.

Mummu


Toivola, 20 ga Maris

Zuwa ga Injiniya Niilo Koskela,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ina sanar da kai cewa kunnena na dama bai dawo daidai ba tun da ka buga waya. Wata uku ba ka ce uffan ba, ran da ka buɗe baki kuma ka hana ni ko tari. Na ji daɗi. Haka kake magana kana ƙarami in ka kwance wani abu ka gano yadda yake aiki, kalma tana taka kalma.

Bari in maimaita abin da na fahimta, in na yi kuskure ka gyara, tunda zan kafa wa babanka hujja da shi. Ka ce ka zana lambobin duka sun zama layi. Ka ce in amya ta mutu, layin yakan faɗo ne ya koma bin sanyin waje sau da ƙafa, dare ya yi ƙasa, rana ya yi sama. Namu kuwa ya sauko a hankali kamar mai saukowa daga tsani, kuma har yanzu ya fi waje ɗumi kaɗan, ko a daren da aka fi sanyi. Ka ce ƙudan suna cin zumarsu ne daga ƙasa suna hawa sama, wayarka kuwa tana ƙasa inda ka zura ta da rani, sun tafi sun bar ta. Wato ba mutuwa suka yi ba, ƙaura suka yi zuwa bene.

Na kuma ji sauran, kada ka ɗauka ban ji ba. Ka ce ba ka da tabbas. Ka ce in sun kai sama, to abincinsu ya kusa ƙarewa, yunwa tana iya gama abin da sanyi ya kasa. Ka ce kada a buɗe sai ranar da rana ta fito sosai, ruwa yana ɗiga daga rufi, a ɗaga murfi a sa musu curin sukari a rufe da sauri. Na gaya wa babanka. Ya ce, "Shi ya ce haka?" Na ce shi ya ce. Ya ja kujera ya zauna. Ka ji, ya zauna. Na dafa sukarin na zuba a faranti ya daskare, yana nan yana jiran rana.

Da ka fara zagin kanka, kana cewa da kana da hankali da ka sa waya biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, na yi shiru ne don in bar ka ka gama. To ai shi ya sa ake kiran ku ɗalibai. Da kun iya tun farko da ba a gina muku makaranta ba. Ka je ka sami malamin nan naka da abokanka biyu ka nuna musu layin. Kuskuren da ya koya maka inda ƙuda suke tafiya ya fi aikin da ya tafi sumul bai koya wa kowa komai ba. Wannan ba daga littafi na samo ba, daga burodin da na ƙona ne.

Har muka ajiye waya ba ka ambaci Mayu ba, ni ma na kama bakina. A takarda kuwa ba mai kama mini baki.

Mutumin makabarta ya zo shekaranjiya don mu tsayar da rana. Asabar ta biyu a watan Mayu. Ya tambayi masu ɗauka, na ce biyar ne a hannu. Ya ce ba damuwa, suna da keke mai taya huɗu, a ɗora akwatin a tura. Na ce masa mutumin da ya ja batirin tarakta da ƙugunsa ba za a tura shi kamar kayan kanti ba. Dale ya ce a sa wani daga coci. Na ce baƙo ba zai riƙe hannun da yake na jini ba alhali jinin yana nan.

Don haka na yanke shawara. In ba ka zo ba, ni zan kama hannu na shida. Na riga na fara gwaji. Kullum ina cika bokiti da itace in ɗauka da hannun dama daga rumfa zuwa baranda. Jiya na kai rabin hanya na ajiye na zagi gwiwata. Babanka ya gan ni, ya ce zai kira ka ya ce na haukace. Na ce ya kira. Kada ka ɗauka wasa nake yi don in ja ka. To, da ja a ciki, ban musa ba. Amma zan yi, ka san ni. Ni ce mafi gajarta, akwatin zai karkace ta wajena, Pappanka ya zame ya taru a kusurwa ɗaya, mutanen Toivola su sami abin faɗa har jikokinsu.

Ban ce ka zo don ka daina jin zafi ba. Zafin zai zo tare da kai, ya tsaya kusa da kai, ya koma tare da kai. Na ce ka zo ne domin nauyinsa na ƙarshe ne, kuma ba a ɗaukarsa sau biyu. Wanda bai ɗauka ranar ba, shi ne yake ɗauka har tsufansa.

Ka ci abinci. Ka aske wannan gemun da babanka ya ce ka tara.

Kakarka mai bokiti,
Mummu Helmi


Toivola, 8 ga Afrilu

Zuwa ga jikana abin ƙaunata,

Salamar Allah. Ina gaishe ka da kyau, ina fata kana lafiya kamar yadda nake. Ka gaida malaminka da ya karɓe ka ka koma ajin, ka ce wata tsohuwa a Toivola ta ce yana da hankali. Ka gaida abokan aikinka biyu, ka ce su yi haƙuri da kai, gado ne.

Ƙunshinka ya iso ranar Litinin. Na buɗe na ga waya mai kan ashana guda biyu, da wata sabuwar 'yar ƙwaƙwalwa a cikin leda, da safar ulu ja ƙafa ɗaya da ka saya a kanti. Saƙar inji ce, ba ta kama ƙafar tawa ba, amma na sa ta tare da marainiyar, ina sanye da su yanzu haka. Takardarka kuma na karanta ta a tsaye, na sake karantawa a zaune. Ka ce kada in bar babanka ya taɓa wayoyin, kai za ka sa su da kanka in ka zo, ko ƙudan suna raye ko sun mutu, domin in sun mutu za a zuba wasu a amyar. Sannan can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe kamar mai jin kunya, ka tambaya wane gefe za ka riƙe.

Gaba, ta hagu, wajen kansa. Babanka yana dama, kuna fuskantar hanya ɗaya, ba sai kun kalli juna ba. Kada ka sayi kwat. Baƙar kwat ɗin Pappa tana nan, ba ita aka sa masa ba, kafaɗarku ɗaya, hannun ne kawai zan sake maka. Ka zo da takalmin da ba ka tsoron ya ɓaci, makabarta taɓo ce a watan Mayu. Na mayar da bokiti rumfa. Gwiwata ta ce in gaishe ka.

Ban buga maka waya da labarin jiya ba, domin wani labarin ya fi kyau a takarda, inda mutum zai iya ajiyewa ya sake ɗauka.

Jiya rana ta fito tun safe, rufi ya fara ɗiga. Babanka ya zo da niyyar tafiya shi kaɗai, ya tarar na riga na ɗaura faffaɗan takalman ƙanƙara na Pappa, farantin sukari a hammata. Ya buɗe baki, ya dubi fuskata, ya rufe. Muka bi ta gonar tuffa. Ban taɓa bin hanyar ba tun Disamba. Da muka iso itacen ƙarshe na tsaya, shi ma ya tsaya. Ya cire safar hannunsa ya dafa itacen. Sannan muka wuce.

Tun daga nesa na hango gaban amyar. Ƙanƙarar ta yi baƙi-baƙi kamar an watsa barkono. Da muka matso, matattun ƙuda ne, birjik, daga bakin ƙofa har taku da yawa, wasu sun nutse cikin 'yan ramukan da ɗumin rana ya yi musu. Babanka ya sauke numfashi ya ce, "Shi ke nan, Mama. Yi haƙuri." Ya kai hannu zai cire hula.

Na riƙe masa hannu. Na ce ya bar hularsa inda take, ya dubi ƙofar. Muna tsaye sai ga wata ta fito da baya-baya, tana jan 'yar'uwarta da ta mutu. Gawar ta yi mata nauyi, ta faɗi da ita, ta tashi, ta sake kamawa, ta ja ta har gefen katako, ta tashi da ita sama da ƙyar, ta kai ta can ta saki, ta dawo ta shige. Na yi dariya har na zauna a ƙanƙara, daga nan dariyar ta juye ta zama wani abu, babanka ya durƙusa ya riƙe ni.

Da ya ɗaga murfin, suna nan a sama daidai inda ka ce, dunƙule kamar ƙwallo, ba su da yawa, saƙar da ke kusa da su ta bushe ƙaf. Ya sa sukarin ya rufe. Ɗaya ta harbe shi a wuya, ya faɗi wata kalma da ban koya masa ba.

Ƙanƙara ta riga ka, Injiniya, don haka ga amsarka. Amyar zuma ce a ƙarshen hunturu. Wadda ta mutu, ƙofarta fes take, domin ba wanda ya rage da zai fitar da kowa. Masu rai ne suke ɗaukar matattunsu su kai waje.

Ni ce kakarka,
Mummu Helmi